Raɗar da Ake Yi wa Baƙo

Ƙofar motar Yaya ta ɓangaren mai zaman banza ba ta buɗuwa daga ciki. Duk wanda ya shiga, sai dai ya sauke gilashi, ya zura hannu waje, ya ɗaga mariƙin sama kaɗan, sannan ya ja. 'Yan gida sun daɗe da sanin haka, har sun manta cewa abu ne da sai an faɗa wa mutum. A wannan motar Auta take zuwa aiki kullum tare da yayanta, don kamfani ɗaya suke, bene ɗaya, teburinsa na kallon nata.

Kamfanin yana haɗa wa asibitoci wakili mai ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke amsa saƙon marasa lafiya, ta ba su ranar ganin likita, ta sauya musu idan sun nema. Wakilin ba shi da hannun taɓa komai sai ta wasu ƙananan kayan aiki: wannan na duba gurbin ganin likita, wancan na riƙe gurbi, wani na sauya rana. Kowane kayan aiki yana da ɗan bayani a rubuce, kuma iyakar abin da wakilin ya sani a kansa ke nan. Yaya ne ke rubuta bayanan. Auta kuwa ita ke auna su, ta ce sun isa ko ba su isa ba.

A ofis Baƙo suke ce wa wakilin, saboda duk lokacin da aka tashe shi ba ya tuna jiya. Bai san kowa ba, bai san abin da aka tattauna wajen shan shayi ba, bai san abin da Yaya yake nufi a ransa ba. Auta ta fi kowa son sunan. Takan ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma bayanin da aka rubuta shi ne sandarsa.

Aikinta na haƙuri ne. Takan ƙirƙiri mara lafiya na ƙarya, ta aika wa Baƙo saƙo da sunansa, sai ta naɗe hannu a ƙirji ta zuba ido. Ba ta taimaka masa. Idan ya ɗauki kayan aikin da bai dace ba, ba shi take ɗora wa laifi ba, bayanin take komawa ta duba inda ya bar rami. Tun tana jami'a ba ta iya kau da kai daga kuskure ba, shi ya sa ba ta yi wata guda a kan wannan kujera ba aka laƙaba mata Jan Biro. Ba ta ji haushi ba. Washegari ma ta sayo jan biron ta ɗora a kan tebur.

Kafin ita, Dogo ne ke wannan aikin, wani mai fara'a da ba ya rabuwa da cingam. Shi ya nuna mata allon gwaji ranar da ta karɓa. A saman allon akwai wani ɗan akwati da masu gwaji ke rubuta wa Baƙo tunatarwa kafin a fara. Raɗa suke kiran abin. An fara ta ne tun kamfanin na ƙarami, don a rage ɓata lokaci, har ta zama ɗabi'a, kowa ya gada ya bar ta a wurin. Raɗar da ke cikin akwatin gajeriya ce: kafin ka sauya wa mutum rana, ka fara duba ko akwai gurbi.

Ana saura kwanaki kaɗan a miƙa aikin ga wani babban asibiti, Auta ta tsaya tana kallon akwatin nan. Sai ta juya ta ce wa Dogo, "A can asibitin, wa zai riƙa yi masa raɗa?"

"Babu akwatin a can," in ji Dogo. "Na gwaji ne kawai."

"To me ya sa muke gwada shi da abin da ba zai samu ba?"

"Jan Biro, haka muka tarar. Ke komai sai kin tona? A bar kaza cikin gashinta mana."

Ta share raɗar. Ta ƙirƙiri wata tsohuwa mai ciwon ƙoda, ta rubuta da yawunta cewa ranar da aka ba ta ba za ta samu mai rako ba, ko za a matsar mata zuwa mako mai zuwa. Baƙo ya amsa da ladabi. Ya karanta bayanin kayan aikin, wanda ya ce kawai: yana sauya ranar ganin likita zuwa wata rana. Ya ɗauka ya yi amfani da shi. Abin da bayanin bai faɗa ba shi ne, kayan aikin yakan fara sakin tsohon gurbin ne tukuna, sannan ya nemi sabo. Mako mai zuwa a cike yake. Kafin Baƙo ya waiwayo, tsohon gurbin ya tafi ga na gaba a layi. Tsohuwar ta tashi ba tsuntsu ba tarko, Baƙo yana ta ba ta haƙuri da kalmomi masu daɗi.

Auta ta sake gwadawa da wani mara lafiya, ta sake da wani. Wani lokacin Baƙo yakan yi dabarar duba gurbi don kansa, wani lokacin ba ya yi. Ta ɗaga kai ta kalli Yaya, yana can yana dariya da waya a kunne.

Shi ya koya mata karatu. Lokacin da mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, shi ke zaunar da ita a bakin ƙofa yana bin layi da yatsa, in ta tsallake kalma ya ce ta koma, ba a tsallake abin da aka rubuta. Shi ya kawo takardunta kamfanin nan, ya tsaya a gaban Manaja ya ce ƙanwarsa ce amma a gwada ta kamar kowa. Don haka ba ta yi maganar a ofis ba. Ta bari sai da suka shiga mota da yamma, suka maƙale a cunkoso.

"Yaya, bayanin sauya rana yana da rami."

"Wane rami kuma?"

Ta faɗa masa. Ya saurara yana buga sitiyari da yatsa.

"Ai kowa ya san sai an duba gurbi tukuna," ya ce.

"Kowa a ofis ya sani. Baƙo bai sani ba."

"Ya ci gwajin nan tun kafin ki zo."

"Da raɗa ya ci."

Motar gabansu ta matsa, Yaya ya bi ta. Sannan ya ce, "Kin san abin da zai faru in na taɓa kalma ɗaya a bayanin nan? Dokar kamfani ce, sai an sake gwada komai daga farko. Ba za mu miƙa aiki a kan lokaci ba. Kuma za a tambaya me ya sa sai yanzu, a tono duk makin da bayanaina suka samu a baya, a ce da raɗa aka same su. Ki sa hannu, Auta. Bayan an miƙa zan gyara a hankali, ba wanda zai ji."

"Kafin ka gyara fa? Wanda ya rasa ranarsa a tsakani?"

"Mutum nawa ne za su nemi sauyi a makon da ya cika? Ke dai kin fiya ɗaukar abu da zafi."

"Kai ka ce min ba a tsallake layi."

"Wannan karatun yara ne. Yanzu aiki ake."

Da suka isa gida bai zagayo ya buɗe mata ba kamar yadda yakan yi don tsokana, yana ce mata gimbiya. Ta sauke gilashi ta buɗe da kanta.

Washegari ta rubuta rahotonta. Ta yi ƙoƙari kada sunansa ya fito ko sau ɗaya. Ta rubuta abin da ta yi, da abin da Baƙo ya yi, da layin da ya kamata a ƙara: wannan kayan aiki yana sakin tsohon gurbi kafin ya nemi sabo, kada a yi amfani da shi sai an riga an riƙe sabon gurbi. A ƙasa ta rubuta cewa bayanin bai isa ba.

Manaja ya kira ta ofishinsa. Mutum ne mai sanyin murya wanda ba ya kallon mutum in yana magana, tagar bayansa yake kallo.

"Malama, na karanta. Aiki mai kyau. Sai dai kin sauya yadda ake gwaji ba da izini ba."

"Na cire abin da babu shi a asibiti ne, ranka ya daɗe."

"Ki mayar da shi ki sake gwadawa."

"In na mayar zai ci."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba ne. Ni bayani aka ce in auna, ba raɗa ba."

Manaja ya juyo, karo na farko ya dube ta. "Kin san wanda ya rubuta bayanin nan?"

"Na san shi tun kafin in san kaina."

"Kuma ba za ki sa hannu ba."

"Ba zan sa ba."

Kafin azahar Dogo ya mayar da raɗar, ya sake gwajin, ya sa hannu. Da ya wuce ta gaban teburinta ya ajiye mata cingam ɗaya. Kafin a tashi aka sanar da ita cewa ɗakin ƙorafi na neman mai haƙuri, kuma an ga ta dace.

A gida Umma ta riga ta ji. Tana ninke wanki a falo lokacin da Auta ta shigo, ba ta amsa gaisuwar da kyau ba.

"Ashe ke ce mai hukunci yanzu."

"Umma, aikina na yi."

"Aikin da wa ya samo miki? Yayanki ya shigo ko ruwa bai sha ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ya yi kuskure, ba sai ki rufa masa asiri ba, ku gyara a tsakaninku?"

"Na same shi a tsakaninmu. Ya ce in sa hannu."

"To da kin sa. Hannun naki na zinare ne?"

Auta ta ɗauki zani ɗaya ta kama ninkewa. "Da ke ce za ki je ganin likita, Umma, aka ce miki ranarki ta ɓace?"

"Kada ki kawo min boko. Ni dai na san ɗan'uwa ba a sayensa a kasuwa."

Daga ranar Yaya ya fara fita da wuri. In ta fito da jakarta sai ta tarar da wurin motar fayau, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Ta koma hawa bas. Ba ta tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. A gida sukan gaisa, gaisuwar maƙwabta.

Ɗakin ƙorafi yana ƙasan bene, kusa da inda ake ajiye karyayyun kujeru. Ba taga, sai fanka mai ƙara da waya mai igiya. Wata dattijuwa ce ke riƙe da shi tun da aka kafa kamfanin, kowa Anti yake ce mata. Ta dubi Auta daga sama har ƙasa ta ce, "Me kika yi musu?"

"Gaskiya na faɗa."

"Ai kuwa kin zo gida. Zauna. Kujerar can ƙafarta ɗaya gajeriya ce, ki sa mata kwali."

Auta ta ƙudura a ranta cewa ba wanda zai ga ta karaya. Kullum takan zo da gogaggun kaya, ta hau bene ta gaishe da kowa da murya a sake, ta wuce gaban teburinta na da, inda Dogo ya koma, sannan ta sauko. Jan biron ma ta taho da shi. In an haɗu a matakala aka ce, "Jan Biro, ya ƙasa?" sai ta ce, "Lafiya lau, ya raɗa?" Ana dariya, amma ba a sake tambaya.

Makon farko bayan an miƙa aikin, ƙorafin duk na banza ne: wani ya manta lambarsa, wata tana son a daina ce mata hajiya. Har Auta ta fara fatan a ce ita ce ta yi kuskure. Ta gwammace a yi mata dariya har ƙarshen shekara, Yaya ya dawo yana jiranta a mota yana danna hon.

Sai wayar ta fara. Wani direban babbar mota ya nemi a matsar masa da ranar duba idonsa, ya wayi gari ba shi da rana ko ɗaya. Wata mai ciki haka. Sannan wata mata ta kira, muryarta a dushe, ta ce mahaifinta ya daɗe yana jiran ganin likitan zuciya, ta roƙi a matsar da kwana biyu kawai don ta samu hutu a wurin aiki ta kai shi. Yanzu an ce sai bayan watanni.

"Abin nan naku ya yi ta ba ni haƙuri," in ji matar. "Haƙuri zan kai wa likita? Ke kina da uba?"

"Ya rasu," in ji Auta.

Matar ta ce, "To ki taimake ni don Allah."

Ba aikin ɗakin ƙorafi ba ne neman gurbi, rubutawa kawai ake a tura sama. Auta ta tura sama, sannan ta ɗauki waya ta kira asibitin da kanta. Aka haɗa ta da wannan, wannan ya haɗa ta da wancan. Ta koyi sunayen ma'aikatan karɓar baƙi, ta san wadda ke da sauƙin kai da safe da wanda sai ya ci abinci ake masa magana. Ta roƙi mutanen da a da ba za ta roƙa ba. Wasu ta samo musu gurbi. Mahaifin matar nan ba ta samo masa ba sai gurbin da ya rage masa rabin watannin jiran, kuma da ta kira ta faɗa, matar ba ta yi godiya ba, ta ce to, ta ajiye.

Anti takan dube ta ta girgiza kai. "Yarinya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ke ba ki ja ba kike jiƙewa."

"Wani dai sai ya jiƙe, Anti."

Da asibitin ya gaji ya aiko da manyansa. Aka rufe ɗakin taro tun safe. Wajen la'asar aka aiko a kira Auta. Ta hau benen. Tana shiga ta ga rahotonta a kan babban allo, an ƙara masa girma har kowane harafi ya yi kamar yatsa. Yaya na zaune a ƙarshen tebur, hannayensa a ƙarƙashi.

Manaja yana magana da sanyin muryarsa. Yana cewa tsarin kamfanin lafiyayye ne, ga shaida, mai auna bayanansu ta gano matsalar tun kafin a miƙa aiki. Abin takaici, wanda ke da alhakin bayanin bai gyara ba. Bai ambaci raɗa ba, bai ambaci ofishinsa da tagar da yake kallo ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, "ba haka aka yi ba. Rahoton nan gabanka na kawo shi. Kai ka ce in mayar da raɗa."

Baƙin suka dubi juna. Ɗaya ya tambaya mece ce raɗa. Manaja ya yi murmushi ya ce wani salon magana ne na cikin gida, za a yi musu bayani a rubuce. Ya gode mata, ya ce tana iya komawa. Ta tsaya ba ta motsa ba, ta sake buɗe baki, sai Yaya ya ɗago ya dube ta. Ba fushi a idonsa. Gajiya ce kawai, da roƙon ta yi shiru. Ta fita.

Ba a kore shi ba. An ce ya rubuta takardar ajiye aiki don mutuncinsa, ya rubuta. Ya kwashe kayan teburinsa a cikin kwalin takardu yayin da kowa ke kallon allonsa. Auta ta tare shi a matakala.

"Yaya, ban sa sunanka ba. Ka karanta, ko sau ɗaya ban sa ba."

"Na karanta," ya ce. "Rahoto ne mai kyau. Ba ki tsallake komai ba."

Ta miƙa hannu za ta karɓi kwalin, ya kauce kaɗan, ya wuce.

Bayan kwana biyu Manaja ya kira ta ya ce kujerar rubuta bayani ba kowa, kuma asibitin da kansa ya nemi a ba ta. Ta so ta ce masa ya riƙe kujerarsa. Kalmomin har sun zo bakinta. Sai ta tuna wayar ƙasan bene, da cewa har yanzu layin nan ba a ƙara shi ba, kowa na jiran a ga wanda zai taɓa.

"Zan karɓa," ta ce. "Amma a cire akwatin raɗa daga allon gwaji. Gaba ɗaya."

"Za a duba."

"Yau, ranka ya daɗe. In ba haka ba ina da kujera a ƙasa, na riga na sa mata kwali."

Aka cire. Ta zauna a kujerar Yaya, wadda ta lotsa daidai zamansa ba nata ba. Ta buɗe bayanin ta ƙara layin. Ko minti ɗaya bai ɗauke ta ba. Dogo ya ƙirƙiri tsohuwa mai ciwon ƙoda ya aika. Baƙo ya karanta, ya duba mako mai zuwa, ya ga a cike, ya ce wa tsohuwar babu gurbi, ranarta ta da tana nan, ko ya nema mata wani makon. Dogo ya ce, "Ya ci," a hankali, kamar mai ta'aziyya. Auta ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ido don ta ga wanda za ta nuna wa, sai ta tuna a teburin Yaya take zaune.

A gida Umma ta daina yi mata faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo. Takan ajiye mata abinci a rufe ta shige ɗaki. Yaya yana fita neman aiki da safe ya dawo da yamma, takalmansa sun yi ƙura. Wata safiya Auta ta fito ta tarar da wani mutum a ƙofar gida yana zagaya motar, yana ƙwanƙwasa taya da ƙafa. Mai saye ne. Yaya ya ba shi makulli ya ce ya shiga ya ji injin. Mutumin ya shiga ta ɓangaren mai zaman banza don ya duba aljihun gaba, ya rufe ƙofa. Da ya gama ya ja mariƙin, ƙofa ta ƙi. Ya sake ja, ya dube su ta gilashi.

Auta da Yaya suka matsa a tare, hannunsa da nata suka kusa haɗuwa a kan mariƙin. Ya janye nasa. Ita ta ɗaga ta ja, ƙofar ta buɗe.

"Daga ciki ba ta buɗuwa," Yaya ya ce wa mutumin, ba tare da ya dube ta ba. "Ya kamata in faɗa maka tun farko."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ya sunkuya yana nuna wa mai sayen inda mai ke ɗiga. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce ta tafi, ta nufi tashar bas.